Ko Ka San Ƙararrawar Da Buhun Wake Ke Kaɗawa A Turai?

Ko ka san ƙwaron wake, ɗan mitsitsin nan da ke tashi fir idan an kwance bakin buhu, ba ya buƙatar ci ko sha bayan ya girma? Kwana goma zuwa mako biyu yake yi a duniya, ba shi da aiki sai barbara da saka ƙwai. Ɓarnar duk tun yana tsutsa ya gama ta. Macen kan manna ƙwanta a jikin kwanson wake tun yana gona, ko a jikin ƙwayar bayan an casa. Tsutsar na ƙyanƙyashewa sai ta huda ta shige, ta yi ta ci daga ciki, cikin kamar wata guda ta fito da fukafukanta, ta bar ramin nan kewayayye kamar an soka basilla. Mace ɗaya kan saka ƙwai har kusan ɗari. Shi ya sa buhun da ka ɗinke lafiya lau a kaka, kafin bazara sai ka tarar rabinsa gari ne da ɓawo.

Manomin Funtua, Bakori, Ɗandume ko Malumfashi ba sai an ba shi labarin wannan ba. A kaka wake ba ya kuɗi, kowa so yake ya ajiye zuwa lokacin da tiya za ta yi daraja, ƙwaro kuwa ba ya jira. A nan ne wasu manoma da 'yan kasuwa ke jawo kwalbar fiya-fiya su yayyafa wa waken kafin a ɗura a buhu. Sinadarin da ke cikinta shi ne diklobos, wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalba, shi ne kuma ke cikin Sniper. Yana kashe ƙwaron, babu musu. Sai dai yadda yake kashe shi, haka yake taɓa mutum: yana hana jijiyoyi sakewa bayan sun ɗauki saƙo. Wanda ya sha da yawa sai yawu ya yi ta zuba, gumi ya keto, ga amai da gudawa, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya sarƙe.

To, a can Turai akwai wata ƙararrawa da aka kafa domin irin wannan, sunanta RASFF. Tsari ne na gaggawar sanar da juna idan an ga abinci mai haɗari, na mutane ko na dabbobi. Asalinta lemo ne. A 1978 aka tarar da lemon zaƙin Isra'ila da wani ya yi wa allurar zaiba a kasuwannin Holan da Jamus ta Yamma, hankalin mutane ya tashi, hukumomi suka ga babu wata hanya ta sanar da maƙwabta cikin sauri. A 1979 ƙasashe tara na Tarayyar Turai ta lokacin suka yi alkawarin duk wanda ya ga wani abu zai buga wa sauran waya. Da tarho aka fara, aka koma fakis, yanzu kuwa intanet ce, kuma ba ta barci dare da rana. Ƙasashe 27 na Tarayyar suna ciki, ga irin su Norwe da Suwizalan.

Ga yadda take aiki. Kwantena ta iso tashar jirgin ruwa, a ce a Ingila lokacin tana cikin Tarayyar, ko a Italiya. Ma'aikaci ya ɗebi samfuri daga buhuna, a niƙa, a tace da wani ruwan sinadari, a ɗura ɗigo a cikin na'urar tantance sinadarai. Na'urar kan mai da ɗigon tururi, ta tura shi cikin wani siririn bututu mai tsawon mita da yawa da aka naɗe kamar gammo. Kowane sinadari da saurin tafiyarsa, don haka ɗaya bayan ɗaya suke fitowa, a bakin fita kuma wani ɓangaren na'urar ya auna nauyin kowanne ya faɗi sunansa. Abin da aka yarda a samu na diklobos a wake shi ne miligiram 0.01 a kilo ɗaya. Wato a buhu mai kilo 100 miligiram ɗaya tak, abin da bai kai nauyin ƙwayar gero guda ba.  Da an ga ya wuce kima, sai a cike takarda a kwamfuta: sunan kaya, ƙasar da ya fito, lambar kwantena, abin da aka gani. Ofishin tsarin da ke Burasels ya duba ya watsa wa kowa. Kafin ɗan kasuwa ya ce bari ya juya kayan zuwa wata tashar, labari ya riga shi isa. Ita ma ƙasar da kayan suka fito ana sanar da ita.

Daga Janairun 2013 zuwa tsakiyar 2015 ƙararrawar nan ta kaɗa sama da sau 50 a kan busasshen waken Najeriya, kusan duka saboda diklobos. An ruwaito cewa abin da aka riƙa samu ya kama daga miligiram 0.03 har 4.6 a kilo, wato mafi muninsa ya ninka ƙa'ida sau 460. A Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar waken Najeriya na shekara ɗaya. Ba a ga gyara ba, aka ƙara wa'adin zuwa 2019, aka sake ƙarawa zuwa 2022. Najeriya fa ita ce kan gaba a duniya wajen noman irin wannan wake namu, Nijar na biye da ita. Kuma takunkumin bai san mai gaskiya ba. Waken ƙauyuka da yawa ne ke haɗuwa a Ɗandume ko Dawanau, a cakuɗa, a sake ɗurawa, tirela ta ɗauka zuwa Legas, babu mai rubuta sunan gona a jikin buhu. Wanda bai taɓa riƙe kwalbar fiya-fiya ba shi ma ƙofar ta rufe da shi.

RASFF ba ita kaɗai ce irin wannan ƙararrawa ba. Turai na da wata ta kayan da ba na ci ba, kamar abin wasan yara, cajar waya da man shafawa, tana fitar da jerin masu haɗari kowane mako. Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona sun kafa INFOSAN a 2004 domin ƙasashen duniya baki ɗaya, ita ce ta yi ta raba bayanai a 2008 lokacin da gurɓatacciyar madarar Sin ta shafi jarirai kusan 300,000.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk lokacin da aka ta da maganar nan, asarar kuɗin ƙetare ake lissafawa. Waken da ya riƙa zuwa Turai ɗan kaɗan ne. Sauran mu muke ci, a ƙosan safe, a alale, a ɗanwake, a garau-garau da yara ke saya a bakin makaranta. A tsakanin sito da tukunya babu na'ura, babu mai cike takarda. Yaro ya yi amai da dare sai a ce shawara ce ko sanyi. Gaskiya ne a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna, amma duk mai shiga kasuwar ƙauye ya san fiya-fiya ba ta yi wuyar samu ba. A ganina, gwajin da Turawa suka yi domin kare 'ya'yansu ya nuna mana abin da ke cikin kwanonmu, mu ya fi kamata mu razana.

Maganin kuwa a jikin ƙwaron yake: yana numfashi. Iyayenmu sun san haka, shi ya sa suke cakuɗa wake da toka ko rairayi, na baya kuma suka koma jarka da ganga su toshe bam. A kan wannan dabara masana na Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu na Marwa a Kamaru suka ƙirƙiro buhun PICS, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007, ana ma yin sa a Kano. Leda biyu ce masu kauri a ciki, buhu na uku a waje. Ka busar da waken sosai, ka zuba, ka matse iskar, ka ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da ke ciki su shanye ɗan iskar da ta rage, cin ya tsaya, su mutu. Ba ɗigon magani, kuma muddin bai huje ba buhun zai sake yi maka wata kakar.

Don haka, mai karatu, idan Allah ya kai mu kaka, kafin ka sayi kwalba tambayi kuɗin buhun nan a wurin masu kayan noma na Funtua ko Malumfashi. Ke kuma uwargida, idan aka buɗe miki wake a kasuwa kika ji yana warin magani, bar shi a nan, ki faɗa wa maƙwabciyarki.