A Gwada Na'ura Tun Ba a Ƙera Ta Ba

Jama'a, masu ƙera kayan lantarki sukan gwada na'ura cikin kwamfuta tun ba su sayi ko waya ɗaya ba. Dabarar ta bunƙasa ne a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Amurka, inda Laurence Nagel da malaminsa Donald Pederson suka fito da manhajar SPICE cikin 1973.

Kowane ɗan ƙarfe, kamar taransista, akan rubuta halinsa da lambobi, watau yawan wutar da yake ɗauka da yadda zafi ke sauya shi. Kwamfuta ba ta san ƙarfen ba, lambobin kaɗai ta sani.

To, a nan gizo ke saƙa. In ba a gaya mata ba, SPICE takan yi lissafi bisa zafin digiri 27. A Miga da fadamun kogin Haɗeja kuwa, zafin bazara yakan haura digiri 40 a inuwa, balle cikin akwatin famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana. Na'urar da ta ci gwaji a digiri 27 tana iya ƙonewa a gona, shinkafa ta bushe.

Saboda haka wajibi ne ɗalibanmu su koyi auna kowane ƙarfe, su gyara lambobinsa, sa'an nan su gwada shi da zafin ƙasarmu.