Bakaniken Kusar Taya

A garejin da ake gyaran motocin wasa, a Apo ta Abuja ne ko a Kano, mai gyaran inji shi ne ɗan gata. Shi ake yi wa kirari idan mota ta yi gurnani, shi ake ba kuɗi ba ciniki. Wanda ke kula da kusoshin da ke riƙe da taya kuwa, ba a tuna shi sai ranar da taya ta rabu da mota ana tsakiyar juyi.

Kusoshin huɗu ne ko biyar, kaurin kowace milimita 12 ko 14. A motocin Japan irin su Toyota da Nissan da Subaru, a dashe suke a jikin hob, wato ƙarfen da taya ke zama a kansa, noti ake ɗaura musu. BMW da Mercedes kuwa bol ake zurawa ta cikin rim ya shige hob, kodayake masu tsere da yawa sukan cire bol ɗin su dasa kusa, saboda sauƙin canjin taya.

Abin da maigida yake fara cusa wa yaronsa shi ne ba kusa ke ɗauke da mota ba. Aikinta ta matse rim da hob har su zama abu guda, matsin nan shi ke ɗaukar nauyi da birki da kwana. In ɗauri ya yi sako-sako, ko aka bar tsatsa da fenti tsakanin fuskokin biyu, sai kusar ta riƙa lanƙwasa kaɗan-kaɗan a kowane zagayen taya, har ta gaji. In kuma an ƙure ta, ta miƙe ke nan, ba za ta koma ba.

Nan gwanintar take. Ƙwararre ba ya jefar da guntun kusa sai ya duba bakin karayar a haske. Idan rabi ya yi sumul, da layuka masu lanƙwasa da ɗan duhun tsatsa, ragowar kuma sabo fil mai kaushi, to tsagar ta daɗe tana ci, ranar nan dai ta ƙarasa. Idan wuyan ya siranta kafin ya tsinke, hannu ne ya kashe ta. Kuma ba sai an je nesa neman hannun ba: mai faci ne ya zura bututu a sifana ya hau kai, ko yaro ya sakar mata bindigar iska har ta yi shiru. Awon ɗaurin Corolla Nm 103 ne, na BMW E46 kuma 120. Mutum mai kilo 70 da ya tsaya a ƙarshen bututu mai tsawon mita ɗaya ya ba ta kusan 700. A ganinsa alheri ya yi wa mai mota.

Canjin kusar kuwa ba wani dogon aiki ba ne. A cire taya da birki da faifansa, a tura guntun ya fita ta baya, a jawo sabuwa har kanta ya zauna daram. Mai gaggawa guduma yake sa wa, boris ya sha dukan, bayan 'yan makonni mota ta dawo tana kuka. Bol ɗin BMW da ya karye cikin hob ya fi cin rai, sai an yi waldar noti a kan guntun, ko a kai wa mai tona ya huda. Kuma guda ɗaya ba ta karyewa ita kaɗai, domin 'yan uwanta sun riga sun sha nata kason wahalar. Shi ya sa mai amana zai ce, "Ranka ya daɗe, duka za a canja," mai mota kuwa ya ɗauka neman kuɗi ne.

Motar wasa tana da nata ƙarin fitintinu. Faifan birkinta kan haura digiri 500, zafin ya bi hob ya kai ga kusa, ta buɗe ta tsuke yini guda. Samari suna son a sa faranti a bayan rim don taya ta fito waje ta yi kyau a hoto, sai noti ya rasa inda zai kama, alhali ana son ya ci aƙalla gwargwadon kaurin kusar, wajen zagaye takwas ke nan. Ga rim ɗin kwalliya da aka ɗaure da notin da bakinsa bai dace da ramin ba. Ga giris, wanda mutane ke shafawa da kyakkyawar niyya, ba su san santsinsa na sa a wuce awo ba tare da hannu ya ji ba.

Sayen kaya ma ilimi ne. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano za a miƙo maka na Baljiyam da sabo mai ƙyalli marar tambari, kuma ni dai da marar tambarin gara wanda aka buga wa lambar ƙarfi 10.9 a ka. Masu hali suna yin odar na kamfanin ARP daga Amurka. 

Da sifanar awo ake rufe aiki, wadda ke yin ƙas idan ta kai lamba. Ana ɗaurewa a tsallake, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, taya a sanyaye. Daga nan sai bakanike ya roƙi mai mota ya dawo bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake gwadawa, kyauta. Kaɗan ne ke dawowa.