Lina Khan da aikin lauyan da ke yaƙi da babakere

Idan aka ambaci lauya a ƙasar nan, abin da ke fara zuwa zukatan yawancinmu shi ne mai kare wanda ake tuhuma da laifi, ko mai bin shari'ar zaɓe, ko mai shiga rikicin fili da gado. Amma akwai wani reshe na wannan sana'a da ba kasafai muke jin ɗuriyarsa ba, alhali yana taɓa farashin buhun siminti da kuɗin kiran waya da kuɗin jirgi. Ina nufin lauyan dokokin gasar kasuwanci, wanda aikinsa shi ne hana kamfani ɗaya, ko 'yan tsiraru da suka haɗa baki, yin babakere a kasuwa. Ina so mu dubi wannan aiki ta cikin tarihin wata lauya a Amurka mai suna Lina Khan, domin na yi imanin cewa labarinta yana nuna abu guda muhimmi: doka ba ta da ƙarfin da ya wuce na lauyoyin da ke fassara ta.

Tushen wannan fanni a Amurka shi ne Dokar Sherman ta 1890, wadda ta haramta haɗa baki don tauye ciniki da kuma yunƙurin mamaye kasuwa. Da ita Kotun Ƙoli ta tarwatsa kamfanin man fetur na Standard Oil, mallakar John D. Rockefeller, zuwa kamfanoni 34 a 1911. A 1914 aka ƙara Dokar Clayton, aka kuma kafa Hukumar Kula da Ciniki ta Tarayya, wato FTC. Shekaru da dama alƙalai suna kallon girman kamfani fiye da kima a matsayin haɗari a karan kansa.

Sai kuma iska ta juya. A 1978 wani malamin shari'a mai suna Robert Bork ya wallafa littafinsa, The Antitrust Paradox, inda ya kafa hujjar cewa ma'auni ɗaya ya kamata kotu ta riƙe, wato amfanin mai saye. Idan farashi bai tashi ba, to girman kamfani ba laifi ba ne. Kotuna suka rungumi wannan ra'ayi. A 1993 Kotun Ƙoli ta yanke cewa duk mai zargin wani kamfani da karya farashi don kashe abokan gasa, sai ya tabbatar da cewa kamfanin yana sayarwa ƙasa da kuɗin da ya kashe, kuma yana da kyakkyawar damar mayar da asararsa daga baya. Daga nan irin wannan ƙara ta zama da wuyar ci. Abin lura shi ne, babu wanda ya sauya manyan kalmomin dokar 1890. Fassara ce kawai ta sauya, kuma lauyoyi ne suka sauya ta.

A wannan yanayi Lina Khan ta taso. An haife ta a Landan a 1989, iyayenta 'yan asalin Pakistan, suka koma Amurka tana da shekara 11. Kafin ta karanci shari'a ta yi aikin bincike a wata cibiya a Washington, inda ta bibiyi halin da masu kiwon kaji ke ciki. Ta ga yadda 'yan kamfanoni ƙalilan da ke sarrafa naman kaji suke ba manomi 'yan tsaki da abincinsu, su yanke masa ladan da suka ga dama, shi kuwa ba shi da wani wurin kai kajinsa. Nama yana da araha a kanti, amma manomin yana cikin ƙangi. Ma'aunin Bork ba ya ganin irin wannan cuta.

A Janairun 2017, tana ɗaliba a Jami'ar Yale, ta wallafa wata doguwar maƙala a kan kamfanin Amazon a mujallar shari'a ta jami'ar. Hujjarta ita ce, kamfanin shi ne mai kasuwar da ƙananan 'yan kasuwa ke baje kolinsu a intanet, shi ne kuma mai gasa da su a cikinta, yana ganin abin da kowa ke sayarwa. Ta kawo misalin yadda ya karya farashin kayan jarirai har ya raunana wani ƙaramin kamfani mai suna Quidsi, sannan ya saye shi a 2010. Bahaushe ya ce araha ba ta ado. Ita kuma ta nuna cewa arahar yau tana iya zama tarkon gobe. Maƙalar ta kai ta aiki da kwamitin Majalisar Wakilai da ya binciki Amazon da Apple da Facebook da Google, ya fitar da rahotonsa a Oktoban 2020. A Yunin 2021 Shugaba Joe Biden ya naɗa ta shugabar FTC tana da shekara 32, mafi ƙarancin shekaru a tarihin wannan kujera.

To, mene ne ainihin aikin irin wannan lauya a kullum? Mafi yawansa ba a gaban alƙali ake yin sa ba. A Amurka, tun 1976, manyan kamfanonin da ke son haɗewa dole ne su sanar da gwamnati, su jira yawanci kwana 30. Lauyoyin hukuma sukan nemi takardun cikin gida da saƙonnin shugabanni, su zauna da masana tattalin arziki suna lissafin kason kowa a kasuwa. Inda gizo ke saƙar shi ne shata iyakar kasuwar kanta. Lokacin da manyan kantunan abinci na Kroger da Albertsons suka nemi haɗewa a cinikin dala biliyan 24.6, lauyoyinsu sun ce abokan gasarsu sun haɗa da Walmart da Costco da Amazon, don haka su ba kowa ba ne. Lauyoyin FTC suka ce mai cefanen gida ba ya ɗaukar dukan waɗannan a matsayin abu ɗaya. A Disambar 2024 kotun tarayya a jihar Oregon ta dakatar da cinikin, ya kuma rushe.

Ba kullum ta yi nasara ba. A Yulin 2023 kotu ta ƙi hana Microsoft sayen kamfanin wasannin kwamfuta na Activision Blizzard a kan kimanin dala biliyan 69. A Agustan 2024 wata kotu a Texas ta soke ƙa'idar da hukumar ta kafa ta hana kamfanoni ɗaure ma'aikatansu da sharaɗin ba za su koma wurin abokin gasa ba. Masu sukarta sun ce tana shigar da ƙararrakin da ta san za ta faɗi, tana kuma tsorata masu zuba jari. Sukar tana da nata nauyi, domin girma ba ko da yaushe yake nufin zalunci ba, kuma lauyan da ke kare kamfani shi ma aikin adalci yake yi idan ya tilasta wa gwamnati kawo hujja. Duk da haka, a ganina, ta cim ma abin da ya fi cin shari'a ɗaya ko biyu. Kafin ta sauka a Janairun 2025, tambayar da aka rufe shekaru 40, wato ko dokar tana kare manomi da ma'aikaci da ƙaramin ɗan kasuwa, ta dawo gaban kotuna.

Me ya shafe mu? Nijeriya ba ta samu cikakkiyar dokar gasar kasuwanci ba sai a farkon 2019, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta kafa hukumar FCCPC tare da kotunta ta musamman. Hukumar ta nuna tana da haƙora: a ƙarshen 2023 ta sanar da tarar dala miliyan 110 a kan kamfanin taba na British American Tobacco, a Yulin 2024 kuma ta ci Meta tarar dala miliyan 220. Amma dokar jaririya ce. Har yanzu kotunanmu ba su tara hukunce-hukuncen da za su fayyace ma'anar mamaye kasuwa a harkar siminti ko sukari ko sadarwa ba, wuraren da kowa ya san kamfanoni ƙalilan ne ke riƙe da ragama. Waɗanda za su tsaya gaban alƙalai a shekaru goma masu zuwa su ne za su ba wa kalmomin dokar ma'ana, kamar yadda Bork ya yi a zamaninsa, Khan ta yi a nata.

Don haka nake kira ga ɗalibanmu na shari'a a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da su waiwayi wannan fanni. Yana buƙatar sanin tattalin arziki da lissafi da haƙurin karanta dubban takardu, ba iya magana kaɗai ba. Manyan kamfanoni ba za su rasa ƙwararrun lauyoyi ba, domin suna da abin biya. Manomin shinkafa da mai ɗan shago a Kantin Kwari su ne ke buƙatar wanda ya san yadda ake tabbatar wa kotu cewa an toshe musu hanya. Idan babu irin wannan lauya a ɓangarensu, wasu ne za su fassara dokar, kuma da wannan fassarar za mu rayu shekaru masu yawa.