Tambarin Sana'a: Na Aro ko Na Kanka?

Shiga duk wani babban kanti a Kano ko Kaduna ka tsaya gaban kantar kayan gida, inda ake jera yaji da garin kunun gyaɗa da man shanu da zuma. A da, a ƙullin leda ko tsohuwar kwalba ake sayar da irin waɗannan kaya. Yanzu kowanne na cikin roba mai tsabta, da takarda manne a jikinta. Ci gaba ne, kuma akasari mata ne suka kawo shi daga ɗakunan girkinsu. Amma dubi takardun da kyau: baƙin fage, rubutu ruwan gwal mai lanƙwasa, kambin sarauniya a sama, furanni zagaye da harafin farko na sunan mai kaya. Robobi huɗu na mutum huɗu, amma ka rantse daga gida ɗaya suka fito.

Kuma a wata fuskar daga gida ɗayan suka fito. Tun da manhajar Canva ta bayyana a ƙasar Ostireliya a 2013, yin tambari ya zama aikin minti goma a waya. Akwai dubban zane da aka riga aka shirya, naka kawai ka goge sunan da ke ciki ka sa naka. Ko ba ka taɓa manhajar ba, yaron da ka ba 'yan kuɗi ya yi maka "logo" wataƙila abin da ya yi ke nan. Kwanan nan kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun shigo, suna zubo zane cikin daƙiƙa, su ma duk kamanninsu ɗaya.

Ba na cikin masu raina wannan hanya. Matar da ta fara turaren wuta da ɗan jarin da ta samu daga adashi, ba ta san ko sana'ar za ta kai baɗi ba, bai kamata ta zuba rabin jarinta a zane ba. Masu sayen kayanta 'yan uwa ne da ƙawaye da maƙwabta, ita suka sani, ba takardar ba. A wannan mataki shiryayyen zane ya wadatar, ya kuma fi rubutun biro a jikin roba nesa ba kusa ba.

Matsalar tana farawa ne ranar da kayan suka bar hannunta. Da zarar roba ta hau kanta a shagon wani, ko direba ya ɗauki kwali zuwa Maraɗi, ba mai yi wa kayan magana sai takardar da ke jikinsu. A nan ya kamata mu tuna yadda mutanenmu ke sayayya. Uwa ba ta aiken yaro da sunan kamfani. Cewa take yi, "Sayo min magi mai tauraro," ko sabulu mai agwagwa, ko batir mai kan damisa. Hoton shi ne sunan. Wanda bai iya karatun boko ba ya gane shi, yaro ɗan shekara shida ya gane shi, mai shago ma ba ya buƙatar ƙarin bayani. Tambarin da ya yi aikinsa shi ne wanda za a iya faɗinsa da baki a kalma biyu, a kuma miƙo kayan da ake nufi. To idan an ce "yaji mai kambi" alhali masu kambi huɗu ne a kantar, wa aka yi wa talla? Wadda ta sha wahalar daka yaji mai daɗi ta gina suna, wata ta kwashi cinikin, kuma babu wadda ta zalunci wata.

Sai batun mallaka, wanda ya fi damuna domin kaɗan ne suka san shi. Kamfanin Canva da kansa ya bayyana cewa shiryayyun tambarinsa da hotunan rumbunsa izinin amfani kawai yake ba ka, irin wanda yake ba kowa, don haka ba za ka iya yi musu rajista a matsayin alamar kasuwancinka ba. Da yawa kuma suna ɗauka takardar hukumar CAC ta kare musu komai. Ba haka ba ne. CAC sunan kasuwanci take yi wa rajista. Alamar da ke jikin kaya tana da nata ofishin daban a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, bisa dokar da aka yi tun 1965. Rajistar farko shekara 7 ce, daga nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. An kasa kaya da ayyuka aji 45: turare na aji na 3, kilishi na 29, yaji na 30, kuma kariyar tana bin ajin da ka yi rajista ne. Ga 'yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi, ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde ce ke wannan aiki, rajista ɗaya ta shekara 10 tana aiki a ƙasashe 17. Najeriya ba ta cikinsu, saboda haka mai kai kaya Damagaram ya sani takardarsa ta Abuja a kan iyaka take tsayawa.

Shi ma zanen da aka yi maka na musamman yana da nasa tarkon. Je ka wurin masu buga takardu ka ga abin da ke faruwa kullum. Mai sana'a ya zo a buga masa babban allon shago, abin da ke hannunsa ɗan hoton da aka turo masa ta WhatsApp. Mai aiki ya ɗora shi a manhajar CorelDRAW ya ja shi ya yi girma, sai gefen haruffan ya farfashe, rubutun ya yi dishi-dishi. Dalili shi ne hoton waya tarin ƙananan ɗigo ne masu ƙididdigaggen adadi, in aka buɗa su sai su fito fili. Ƙwararren mai zane kuwa da layuka yake gina tambari, waɗanda kwamfuta ke lissafa su sabo a kowane girma, daga hatimi har jikin mota. Wannan fayil na asali shi ne abin da ka biya kuɗi dominsa, kuma shi ne yawanci ba a karɓa. Mai zanen ya canza lamba ko kwamfutarsa ta lalace, shi ke nan. Launi ma haka: fuskar waya da haske take haɗa launi, na'urar bugu da tawada huɗu, shi ya sa ruwan gwal mai sheƙi a waya kan fito ruwan ƙasa a takarda. Sannan a doka, haƙƙin zane na wanda ya zana ne sai in ya miƙa shi a rubuce. Takarda guda mai sa hannu da shaidu ta kashe wannan rigima tun ba ta taso ba.

Tsada kuwa ba dole ba ce. Alamar kamfanin Nike da duniya ta sani, wata ɗaliba ce mai suna Carolyn Davidson ta zana ta a 1971 a kan dala 35. Abin nema shi ne mai zanen da zai zauna ya tambaye ka wa ke sayen kayanka, a ina ake jera su, me ke jikin robar maƙwabcinka, kafin ya taɓa kwamfuta. Muna da su, daga ɗaliban sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya har masu rubutun allo da fentin manyan motoci, waɗanda suka daɗe da sanin abin da ido ke kamawa daga nesa. Ga kuma kayan gado da ba a ko taɓa ba: zanen bangon gidajen Zariya da Damagaram, aikin ƙwarya, surfanin babbar riga. Abin takaici ne yajin da aka daka a Kano ya fito sanye da kambin sarauniyar Ingila.

In an kawo maka zanen, kada ka yi saurin biya. A buga shi baƙi da fari, ƙarami kamar kan kwalba, a ga ko yana karantuwa. A tabbata an bar wurin lambar NAFDAC da jerin kayan haɗi da ranar lalacewa. Sannan a manna shi a roba, a jera ta cikin na sauran masu sana'ar, a nuna wa wani yaro sau ɗaya, gobe a aike shi ya ɗauko.