Amanar Mutum-mutumi Mai Hira

Mutum-mutumi mai hira shi ne wanda aka ƙera domin ya zauna da mutane ya ɗebe musu kewa. Galibi wurin tsofaffi da yara ƙanana akan kai shi, watau waɗanda suka fi kowa saurin yarda. Misalinsa shi ne Paro, wanda Takanori Shibata ya ƙera a Japan da siffar jaririn wata dabbar teku, ana ba da shi ga tsofaffi masu ciwon mantuwa. Paro ba ya magana, sai motsi da ɗan kuka. Masu magana kuwa, irin su Pepper na 2014, yawancin abin da suke faɗa tun da farko aka rubuta musu, ana iya dubawa kafin ya fito.

Bayan da aka fito da ChatGPT a ƙarshen 2022, sai maƙera suka dukufa wajen haɗa mutum-mutumi da manyan ƙwaƙwalen harshe na ƙirƙirarriyar basira. Irin wannan ƙwaƙwalwa an horar da ita ne da rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, har ta iya kintatar kalmar da ta dace ta biyo bayan wata. Saboda girmanta, galibi ba ta zama a jikin mutum-mutumin. Tana can cikin manyan kwamfutocin kamfani, ana kai mata magana ta intanet, ta maido da amsa. Daga wannan hali ne matsaloli uku suka taso.

Ta farko, ba wanda ya san dukan abin da zai fito daga bakinsa, har wanda ya ƙera shi. Yana iya shirya zance marar tushe ya faɗe shi da murya mai daɗi, kamar yadda zai faɗi gaskiya. Mutum kuwa ba ya da wuyar sakin jiki da na'ura. Tun a 1966 Joseph Weizenbaum ya ga haka a Amurka, sa'ad da ya shirya ELIZA, wadda ba ta yin komai sai juya wa mutum maganarsa ta zama tambaya. Duk da haka sakatariyarsa ta roƙe shi ya fita daga ɗakin don ta gana da ita. To, ina ga wanda ke da idanu da murya, yana kiran tsohuwa da sunanta, yana yi mata zancen magani?

Ta biyu, abin da ya ji a ɗaka ba ya tsayawa a ɗaka. A 2017 hukumar sadarwa ta Jamus ta haramta wata 'yar tsana mai suna Cayla, ta ɗauke ta a matsayin ɓoyayyar na'urar sauraro, ta kuma shawarci iyaye su lalata ta.

Ta uku, ransa a hannun kamfani yake. Kamfanin Embodied na Amurka ya fito da Moxie a 2020, domin yara masu shekara 5 zuwa 10, ya koya musu zama da mutane. A ƙarshen 2024 kuɗi suka yanke wa kamfanin, ya sanar da cewa zai rufe, Moxie kuma ba zai iya hira ba in an kashe kwamfutocinsa. Sai ya zama iyaye ne suka ɗauki nauyin gaya wa 'ya'yansu cewa abokin da aka saya musu zai yi shiru.

Dokar Tarayyar Turai ta 2024 ta taɓa wani sashe na wannan al'amari. Ta hana na'urar da ke fakewa da ƙuruciyar mutum ko tsufansa ko nakasarsa ta karkatar da shi zuwa ga abin da zai cuce shi, ta kuma shar'anta a sanar da mutum cewa da na'ura yake magana. Amma fa doka iyakarta ta hana mafi muni, saura kuwa yana wuyan maƙera. Lalle ne su jarraba shi ƙwarai kafin su sayar, su kuma sa masa iyaka, ya zama in an zo ga maganar ciwo ko magani sai ya tura mutum wurin likita. Su bayyana abin da ake ɗauka na murya da hoto, da inda ake ajiyewa, da yadda mai gida zai sa a goge. Su kuma yi tanadin ranar rufewa tun kafin ta zo.

Mutum-mutumi ba a kai shi gaban alƙali, ba ya kuma jin kunya. Saboda haka duk inda aka sa shi kusa da yaro ko tsoho, wajibi ne a san sunan mutumin da za a tuhuma in ya yi ɓarna.