Kanan Bakashe: Sunayen Kakanni a Bakin Ƴan Makaranta

A ƙasar Kanan Bakashe, cikin gundumar Mayahi ta jahar Maraɗi, inda Gulbin Kaba ya ratsa da goribarsa, har yanzu akan sami tsohon da in an zauna da shi bayan la'asar zai jero kakanninsa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya yi tuntuɓe ba: wane ya haifi wane, wane ya gina rijiya, wane ya sare dajin da ya zama gonar gado. Jikansa kuwa, ɗan koleji, yana iya tsayawa gaban jama'a ranar gasar magana ya zuba jawabin da ya hardace da Faransanci har a tafa masa, amma in an tambaye shi sunan kakan ubansa sai ya sunkuyar da kai. Gasar nan da ƴan makaranta ke so, ita ce za ta iya haɗa tsohon da jikansa, in an ba ta abin da ya kamata ta ɗauka.

Darasi daga Indiya

Akwai wata ƙaramar al'umma a ƙasar Indiya da ake kira Farsawa, mabiya addinin Zaradusta, waɗanda littattafan Larabci ke kira Majusu. Kakanninsu sun baro Farisa ta teku fiye da shekara 1000 da suka wuce, suka sauka a Sanjan, a gaɓar Gujarat. Wajen shekara ta 1600 wani malaminsu na garin Nabsari ya rubuta labarin wannan ƙaura da aka daɗe ana ba da shi da ka. Gidajen malamansu sun ajiye jerin sunayen iyaye da kakanni, kuma a kwanaki 10 na ƙarshen shekararsu ana ambaton mamatan kowane gida da sunayensu. A 1888 Bomanji Patel ya fitar da kundin farko na Parsi Prakash, inda ya tattara mutuwar manyansu da ayyukansu shekara bi shekara. Yawansu ya haura dubu 100 a 1941, ƙidayar 2011 ta same su dubu 57 da ɗoriya. Suna raguwa, amma Bafarsen da ke London ko Amurka yana iya bin waɗannan takardu ya gano gidan da ya fito.

Waɗannan mutane ba su raba rubutu da iya magana ba. A 1848 ɗaliban makarantar Elfinston ta Bombai, wadda yau ake kira Mumbai, suka kafa ƙungiya inda ɗalibi ke karanta abin da ya bincika, sauran su yi masa tambayoyi. Suka buɗe mata reshe da harshen Gujarati don mutanen gari su fahimta. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai saurayi Bafarse, Dadabhai Naoroji, wanda a 1892 aka zaɓe shi ɗan majalisar dokokin Ingila.

Masu ƙaura na ƙasar Maraɗi

Mutanen wannan yanki su ma jikokin masu ƙaura ne. Bayan da masu jihadi suka ci Birnin Katsina wajen 1807, gidan sarauta ya yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda Sarkin Katsina Rauda da Sarkin Gobir Ali suka kwanta dama, daga nan Gobirawa suka kafa Tsibiri. A ƙarshen ƙarnin, rigimar Kaura Hasau ta sa sarki Mijinyawa ya koma Tasawa. A watan Yuli na 1899 rundunar Bule da Shanuwan ta ƙare da kisan shugabanninta kusa da Mai Jirgi, bayan ta ƙone garuruwa masu yawa. Kowace girgiza daga cikin waɗannan ta tashi gidaje, ta sa an sari sababbin tungaye a arewa.

Tarihin sarakuna ya sami masu rubuta shi. Cibiyar tattara tarihin baka da aka kafa a Yamai a 1968, wadda daga baya ta zama CELHTO, ta buga aikin Isaka Ɗankusu a kan Katsinawa bayan jihadi a 1970. Amma asalin manomi da maƙeri da masaƙi da makiyayi yana nan a bakin tsofaffi da maroƙa kaɗai. Zanen fuska da ke nuna Bagobiri ko Bakatsine shi ma yana ɓacewa daga fuskokin yara.

Yadda aikin zai kasance

Abin da ake bukata ba shi da tsada: littafin rubutu, biro da haƙuri. Malami ya ba ɗalibi wata guda ya tambayi tsofaffin gidansu, sa'an nan ya zo ya faɗi abin da ya samo da Hausa, alƙalai su yi masa tambaya. Wanda ya hardace jawabin wani yana iya kakarewa, amma mai ba da labarin gidansu ya san abin da yake faɗi. Hanyar kuma a buɗe take: tun 1973 aka fara gwajin karantarwa da Hausa a Damagaram, kuma kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa.

Sai dai binciken yana da dabarunsa. Saboda alkunya, mace ba ta faɗin sunan mijinta, iyaye ba su kiran ɗan fari da sunansa, kuma laƙabi irin su Tanko da Nomau da Ɗan Tani yakan rufe sunan yanka, don haka sai a nemi suna a bakin goggo ko kawu. Tsoho ba ya ƙidayar shekaru da lamba, yana yi da abin da ya faru: yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, farin 1973, ko na 1984. Aikin ɗalibi ne ya mai da waɗannan zuwa lamba. Kuma kada a manta da uwaye, domin jerin Farsawa da na Hausawa duka sun fi bin maza, alhali ta wurin aure ne ake gane yadda gari ya haɗu da gari.

A nan ne waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci za su nuna amfanin takardarsu. Su ne ke zaune da tsofaffin, sun san wanda ya kamata a tambaya, sun kuma iya rubuta Hausa. Su ya dace su zauna cikin alƙalan gasar, su kwafe abin da yara suka samo, a ajiye kofi ɗaya a makaranta, ɗaya a fadar sarkin kanto.

Amfani da hattara

Ma'aikatan hukuma sun san nauyin wannan al'amari. Tun dokar karkara ta 1993, kwamitocin filaye suna dogara ga shaidar wanda ya fara saran gona da waɗanda suka gaje shi, kuma mai neman sarautar kanto sai ya nuna jininsa. In shaidu sun mutu ba a rubuta ba, gardama ce ke gadon gonar.

Amma magana zarar bunu ce. Tonon asali yana iya tayar da tsohon miki, musamman zancen bauta, wadda dokar 2003 ta mai da laifi mai hukunci. Dole malamai su kafa sharaɗi: kowa ya faɗi gidansu, kada ya taɓa na wani, kuma maki yana ga ingancin bincike da kyawun lafazi, ko ɗalibi jikan sarki ne ko jikan baƙo.

Da tsohuwar zuma ake magani. Tsofaffin Kanan Bakashe suna nan, amma kowace damina tana wucewa da waɗansu. Allah ya sa a tambaye su tun suna iya amsawa.