Allurar korona: abin da ya hana ma'aikaci zuwa likita, da abin da ya kai shi

Ranar 29 ga watan Maris 2021 aka soma allurar rigakafin korona a Yamai, da allurai 400.000 na Sinopharm waɗanda ƙasar Sin ta ba Nijar kyauta. Cikin watan Afrilu shirin COVAX ya ƙaro fiye da 350.000 na AstraZeneca. Aka sa ma'aikatan kiwon lafiya da jami'an tsaro da tsofaffi a sahun gaba. Allura ta samu, ba a biyan ko dala, amma layi ya ƙi tsawo, har ta kai Nijar ta ranta wa Kwaddibuwa allurai 100.000 don kada su lalace a ajiye.

Masu saurin yanke hukunci sun ce jahilci ne. Maganar ba ta zauna ba, domin cikin waɗanda suka noƙe har da ƴan boko masu albashi, da malaman makaranta, da wasu ma'aikatan asibitin kansu. Kuma mutanenmu ba tsoron allura gare su ba. A 2015, da sanƙarau ya faɗa wa Yamai har aka rufe makarantu, iyaye ne suka yi ta cincirindo a ƙofar farmasi suna sayen rigakafi da kuɗin aljihunsu. Annobar nan ta kashe sama da mutum 500 a ƙasar, kuma an ga yaran da wuyansu ya sandare. Gani ya kori ji.

Korona kuwa ji aka fi yi. Alƙaluman hukuma ba su kai mutum 10.000 da suka kamu ba, mamata kuma sun ɗan haura 300, ko da yake gwaji ya yi ƙaranci a wajen babban birni. Ministan ƙwadago, Mohamed Ben Omar, ita ta yi ajalinsa ranar 3 ga Mayu 2020, amma a bakin tasha sai wannan ya ƙara wa masu cewa cutar manya ce, masu hawan jirgi, ƙarfin gwiwa. Abin da talaka ya gani da idonsa shi ne dokar hana fita da dare a Yamai, da rufe iyakoki, da hana sallar jam'i, wadda ta tayar da tarzoma a Mirya da wasu unguwannin Yamai. Hannun da ya rufe masallaci shi ne ya dawo bayan shekara guda riƙe da allura.

Ga kuma tsohon tabo. A 1995, lokacin wani sanƙarau, an yi wa dubban mutane a Nijar allurar da aka kawo daga Najeriya, daga baya aka gano jabu ce. A 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara 200 a Kano, 11 suka rasu. Tsakanin Kano da Maraɗi da Damagaram, labari tare da kaya yake tafiya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa jita-jitar hana haifuwa, wadda babu wani bincike da ya tabbatar da ita, ta sami wurin zama a WhatsApp.

Akwai wani lissafi da masu faɗakarwa ba su cika yi ba. Allurar takan sa zazzaɓi da ciwon jiki kwana ɗaya ko biyu. Ma'aikacin gwamnati in ya kwanta, albashinsa na nan. Ɗan dako da ɗan kabu-kabu in sun kwanta, ranar tukunya ba ta hau murhu ba. Sannan a ce a komo bayan makonni don allura ta biyu, alhali direba yana kan hanyar Kwatano ko Lome. Zuwan Johnson & Johnson, wadda sau ɗaya ake yi, ya rage wannan wahala.

Daga ƙarshe dai takarda ce ta kai mutane da yawa likita. Daga 1 ga Disamba 2021 gwamnatin tarayyar Najeriya ta ce ma'aikacinta ba ya shiga ofis sai da shaidar allura ko gwajin da bai wuce awa 72 ba. Saudiyya, bayan shekara biyu ba ta karɓi alhazan waje ba, ta buɗe ƙofa a 2022 ga wanda ya yi allura kuma bai kai shekara 65 ba. Alhajin da ya shekara yana gardama a rumfarsa ya je ya miƙa damtse, ba don an gamsar da shi ba, sai don kujerarsa.

Hukumar lafiya ta duniya ta janye matsayin gaggawa a kan korona ranar 5 ga Mayu 2023. Allurar sanƙarau kuwa tana nan cikin sharuɗɗan aikin hajji, maniyyata suna yin ta kowace shekara.